Dudu Mai Banda da 'Ya'yan Fari Bakwai

Idan ka sauka Sabuwar Tunga, can ƙasar Ngaski a bakin tafki, ka ga da la'asar kowace ƙofar gida da yaro riƙe da littafi a gaban wata uwa, kada ka ɗauka uwarsa ce. Sau da yawa ta maƙwabta ce. Matasan garin suna tsammanin haka aka halicci duniya, alhali abin yana da mafari. Mafarinsa kuwa wata mai bandar kifi ce da ake kira Dudu, wadda ba ta taɓa zama a kan bencin makaranta ba ko na yini ɗaya.

Dudu 'yar Sarkawa ce. An haife ta a tsohuwar Tunga, wani gungu a tsakiyar Kwara inda yaro kan iya tuƙin jirgi kafin ya iya ɗaura wando. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, idanunta kullum ja saboda hayaƙin banda. Ga baki, Allah ya ba ta. Ranar kasuwar Warra tun daga bakin ruwa ake jin muryarta, ko tana ciniki ko tana faɗa, kuma baƙo ba ya iya rarrabe ɗaya da ɗaya. Shekara uku kafin a sami mulkin kai ta auri Mamuda masunci, mutum mai sanyi wanda in ya yi magana sau goma a yini to ranar ya cika surutu. Shekara ta zagayo ta haifi mace, aka sa mata Barakatu.

To, a kan wannan yarinya kaɗai bakin Dudu yake mutuwa. Barakatu 'yar fari ce, kuma a wurin mutanen Tunga uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa, ba ta ma kallonsa ido cikin ido in da mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce, kuma wadda ta yi wasa da ɗan farinta a fili sai mata su yi ta da ita har a gidan suna. Saboda haka da an yaye ɗan fari sai kaka ta ɗauke shi, a can zai sami mai yi masa wasa da mai jin kukansa. Haka aka yi da Barakatu. Uwar Dudu ta ɗauke ta, gidansu kuwa jifa ɗaya ne da na Mamuda. In Dudu za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", kowa ya san wadda take nufi.

Bayan Barakatu, Dudu ta haifi biyu, duka ba su kai yaye ba. Na ukun, da zazzaɓi ya kama shi, ta ɗauke shi a jirgi har asibitin Yelwa. A can ta ga wata ma'aikaciya, yarinya ƙarama 'yar garin Yauri, tana duba takarda tana auna magani, manyan mutane masu rawani suna tsaye suna jiran abin da za ta ce. Yaron ya tashi. Dudu ta dawo gida da abu ɗaya a ranta, ta je ta zauna gaban uwarta ta yi ta kewaye-kewaye har tsohuwar ta gane. Da aka buɗe makarantar boko a gungun, kaka da kanta ta riƙe hannun Barakatu ta kai ta, mutane suka ce rigimar tsufa ce. Dudu kuwa ita ta ɗinka jakar littafin, ta aika da ita ta hannun wata.

Sai ga maganar dam. Shekara da shekaru ana cewa za a tare Kwara a Kainji, ruwa zai hau, gungu zai nutse. Mamuda ya ce ai ruwa ba akuya ba ne da za a ɗaure shi, wannan na cikin maganganunsa goma na ranar. A daminar 1968 ruwan ya hau ya ƙi sauka. Ya ci gonakin albasa, ya ci makabarta, ya ci makaranta da bishiyar da ake rataye ƙarfen tashi. Aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje na siminti a tudu, jere reras, masu rufi kamar an kifa ƙwarya. Gungun bai tashi gaba ɗaya zuwa wuri guda ba. An raba shi gida-gida, tsofaffi da yawa suka bi 'ya'yansu maza zuwa wani sabon gari a ƙetaren tafki, yini guda a jirgi, inda ba a gina makaranta ba tukuna. Uwar Dudu na cikinsu. Ranar rabuwa ta turo Barakatu cikin jirgin Mamuda da jakarta, ta ce karatu ya fi ta buƙatar yarinyar.

Haka Barakatu ta dawo gidan uwarta tana da shekara goma, kamar baƙuwa. Dudu tana ba ta tuwo mai kyau, tana zaɓar mata tsokar kifi ta tsakiya, amma ta hannun ƙanin Barakatun. Yarinyar ba ta da mai yi mata hira. Da yamma takan zauna a gindin katanga tana kallon ruwa, Dudu kuwa tana ganinta ta wutsiyar ido, zuciyarta na ƙuna, ba halin magana.

Wata biyar makaranta na rufe saboda ƙaura. Da aka buɗe sabuwa a farkon shekara, aka turo wani malami daga Yelwa, Malam Lawali, saurayi siriri mai farin wando da keke, bai daɗe da fitowa kwalejin horon malamai ba. Shi aka ba aji huɗu, yara ashirin da uku, har da Barakatu. Makarantar Tunga kuwa a aji huɗu take tsayawa. Ƙarshen shekara akan yi jarrabawa, wanda ya ci ya wuce aji biyar a Yelwa, wanda ya faɗi ya koma gida, shi ke nan an gama da shi. Malam Lawali ya gwada yaran ya ga abin tsoro. Karatun da suka iya ya bi ruwa. Wasu suna haɗa baƙi kamar masu tsinkar ƙaya, lissafin rabawa kuwa ko a mafarki.

Yaron kirki ne, ba a raina masa ƙoƙari ba, sai dai kansa cike yake da abin da aka koya masa a kwaleji. Ya ga awa biyar na aji ba za su isa ba, dole iyaye su sa hannu. Sai ya zauna ya rubuta wasiƙa ashirin da uku da kyakkyawan rubutu, ya ba kowane yaro ya kai gida, a garin da babu uba ɗaya mai karanta boko. Wasu aka ƙunsa daddawa da su, Dudu kuwa ta adana tata a cikin ƙwarya don ta ga takarda ce mai tsabta. Da ya ji shiru sai ya kira taro da hantsi, lokacin da maza ke kan ruwa mata ke kan banda. Mutum biyu suka zo, ɗaya kurma ne. A karo na uku ya yi hankali ya je wurin mai gari, aka sa sanƙira ya yi shela, aka taru bayan sallar Juma'a, maza a gaba mata a bayan zana.

Abin da ya roƙa ba mai wuya ba ne. Ya ce ba sai uwa ko uba sun iya karatu ba. Kullum bayan la'asar a zauna da yaro gwiwa da gwiwa, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi yatsansa a kan layi, sa'an nan ya rufe littafi ya ba da labarin abin da ya karanta. A yi masa tambayoyi. In ya yi daidai a kira sunansa a ce madalla. Lissafi kuma a yi da abin da ke gida, kifi ne ko idon taru. Kowa ya ce, "To, Malam." A bayan zana ma aka ce to, sai dai wasu matan sun kalli juna.

Aka yi sati shida. Yara goma sha shida suka motsa, wasu har da gudu. Bakwai kuwa suna nan inda ya bar su, ciki har da Barakatu, wadda ya san ba daƙiƙiya ba ce. Ya tambaye ta wa ke sauraron karatunta a gida, ta sunkuyar da kai ta ce ba kowa. Ransa ya ɓaci. Ya hau kekensa ya nufi gidan Mamuda, ya tarar da Dudu a bakin banda tana juya kifin ƙarfasa, mata biyu na taya ta.

"Sannu da aiki, Innar Barakatu."

Matan biyu suka ƙunshe dariya. Dudu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, amma ta shimfiɗa masa tabarma. Bai ko zauna sosai ba ya fara. Ya ce saura wata huɗu jarrabawa, ya ce yarinyar tana da kai amma za ta faɗi, kuma in ta faɗi ba ruwa ne ya kayar da ita ba, rashin kulawar gida ne. Ya ce shi bai taɓa ganin uwar da za ta kasa ba 'yarta rabin awa ba.

Wannan magana ta shige ta har ƙashi. Mace ce da ba a taɓa gaya wa baƙa ta kwana da ita ba, amma ranar ta haɗiye, don abin da ya faɗa game da faɗuwar ya fi zagin tsorata ta. Ta goge ido da gefen zane ta ce hayaƙi ne.

"Malam, hwaɗa min sunayen waɗanda ba su motsa ba."

Ya lissafo su, tana naɗe yatsu. Da ya kai na bakwai sai ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai na nawa ne wurin innarka?"

"Ni ne auta."

"Awo, ga alama nan. Auta kan yi gemu shina bisa cinyar uwatai. To Malam, bakwai ɗin nan da ka lissaho duk ɗiyan hwari na. Ka ce in zamna da waccan gwiwa da gwiwa, in kira sunanta, in ce madalla. In na yi haka, gobe da wace huska zan tahi bakin ruwa? Da can kakanninsu ka jin maganassu. Yanzu kakannin suna ƙetare."

Malam Lawali ya san al'adar sarai, a gidansu ma uwarsa ba ta faɗin sunan babban wansa. Kawai bai taɓa haɗa ta da littafi ba.

"To ai da kun hwaɗa min tun ranar taro."

"Wa ka hwaɗin irin wanga cikin mutane? Ai kowa ya sani."

Sai ya ce watakila lokaci ya yi da za a bar wannan kunya, tunda zamani ya canza. Dudu ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce in gwamnati ta iya tare Kwara cikin shekara huɗu, shi ba zai iya canza matan Tunga cikin wata huɗu ba, ya je ya sha ruwa ya bar ta ta yi tunani.

Tunanin bai ɗauke ta nisa ba, a gabanta yake. Matan nan biyu da ke taya ta juya kifi, gobe ita za ta je ta taya su, haka aikin banda yake tun kaka da kakanni. Ta dubi ɗayarsu, Tasallah, wadda 'yarta Kulu na cikin bakwai ɗin.

"Ke Tasallah, kina kunyar ɗiyata?"

"Ni? Mi ya haɗa ni da kunyatta?"

"To ni ma ban kunyar taki. Turo min Kulu gobe da la'asar."

Kwana biyu ta yi tana shiga gida-gida. Ba ko'ina aka karɓe ta da daɗi ba. Wata ta ce ba ta son maƙwabta su ji daƙiƙancin ɗanta su kai kasuwa. Dudu ta ce ai gara a ji shi yanzu a tsakar gida da a ji shi ranar sakamako a gaban gari. Wata ta ce aiki ya yi mata yawa, Dudu ta tuna mata awa nawa take ɓatawa a bakin rijiya tana gulma, ta kuwa faɗi gulmar wa. A ƙarshe aka yi musaya, wannan ta ɗauki ɗan waccan, waccan ta ɗauki na wata. Saura Barakatu, don Tasallah ta riga ta karɓi wani yaro.

Katanga ɗaya ta raba gidan Mamuda da na Dogo, wani manomi Bakambare wanda shi ma ruwa ya ci gonarsa ta fadama aka ba shi gida a nan. Matarsa Marta Kirista ce, doguwa mai yawan murmushi, ta ɗan koyi haɗa baƙi a coci. Tun zuwansu suke musayar dawa da kifi ta saman katangar. Dudu ta leƙa ta ce mata, "Akwai wata nan gidan da ke son mai jin karatunta." Marta ta ce a turo ta. Da surutu ya tashi cewa za a mai da 'yar Musulmi Kirista, Dudu ta tsaya a bakin rijiya ta ce littafin na Malam ne, katangar tata ce, kuma duk abin da aka karanta a can yana faɗowa cikin kunnenta, wadda ke da sauran magana ta zo ta same ta. Ba wadda ta zo.

Gaskiya ta faɗa, kome yana faɗowa cikin kunnenta. Kullum bayan la'asar Dudu kan shimfiɗa tabarma a gindin katangar ta nan, Kulu a gabanta. Marta kan shimfiɗa tata a gindin katangar ta can. Wai inuwa suke bi. Kulu ta sha wuya a hannun Dudu, don matar da ta shekara ashirin tana gane maƙaryaci a kasuwa ba yarinya ce za ta ruɗe ta ba. Wata rana Kulu ta gaji da haɗa baƙi, ta ɗora yatsa a kan layi tana ƙirƙiro labari daga kanta. Dudu ta bari ta kai ƙarshe.

"Jiya ga wanga shahi akuya ta shiga gona. Yau kuma tunkiya ta? Cikin dare ta canza? Koma hwarko."

Amma in Kulu ta yi daidai, har ƙarshen layin gidajen ake jin madallar. Kunne ɗaya na Dudu na kan Kulu, ɗayan na ƙetaren katanga, inda wata ƙaramar murya ke tuntuɓe tana tashi. Sati na farko da ƙyar ake jin ta. Sati na uku ta fara dariya in Marta ta yi mata tambayar wauta da gangan. Ran da Dudu ta fara jin wannan dariya sai da ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta bar Kulu da baki buɗe.

Karatu ya miƙe, lissafi ya ƙi. Marta ta faɗa wa Dudu ta saman katanga cewa yarinyar in an zo rabawa sai ta rikice, ita kuma Marta ba gwana ba ce. Nan kuwa aka zo gidan Dudu. Tun tana yarinya ita ake kira in jirage sun dawo, ta dubi tulin kifi ta faɗi rabon kowa kafin a gama sauke taru. A al'adar masuntan Tunga, in za a raba kamu, jirgi yana da kasonsa, taru yana da nasa, kamar su ma mutane ne. Ranar da la'asar ta ɗaga murya, fuskarta na kallon Kulu.

"Marta! Tambayi wadda ke wurinki. Masunta biyar sunka dawo da kihi tamanin da huɗu, jirgi guda, taru guda. Nawa kowa ka samu?"

A ƙetare ana jin ƙarar alli a kan allo. Can muryar ta ce, "Inna Marta, sha shida ne, saura huɗu."

"Marta, ce mata mai jirgi ya kai ƙara wurin Sarkin Ruwa. Mai taru ma shina bisa hanya."

Mamuda, wanda ke gyaran taru a zaure, ya tsayar da hannunsa.

"Inna Marta, kaso bakwai za a yi! Sha biyu-sha biyu, ba saura!"

Dudu ta ji madalla ta taso mata har maƙogwaro. Ta dubi Kulu, wadda ba ta yi kome ba sai zare ido, ta ce da ƙarfi, "Madalla! Haka ake so!" Kulu ta ce ita ai ba ta ce kome ba. Dudu ta ce ta yi shiru ta karɓa.

Daga ranar kullum sai tambaya ta haura katanga amsa ta dawo, duka da sunan Marta, wadda wani lokaci ma ta tashi tana tankaɗe a can gefe. Kifi a kan sanda, idon taru da ake ƙarawa layi-layi, kwandunan albasa a jirgi uku. Shekara goma sha ɗaya uwa da 'ya ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Maza da suka ga abin ya zama wasa su ma suka shiga, in suna gyaran taru a gindin ɗorawa sai su tare ɗan farin wani su jefa masa tambaya. Malam Lawali yana zagayawa a keke yana sauya littattafai, kuma ya koyi yin sallama a ƙofar Dudu da "Sannu, Inna" kawai.

Akwai wani abu da ba wanda ya lura da shi. Wata huɗu Dudu na kallon yatsan Kulu yana tafiya a kan layi tana jin abin da bakinta ke faɗi. Tun tana kallo don kama ƙarya har wasu baƙaƙen suka fara zama mata sanannu, kamar fuskokin 'yan kasuwa. Wanda ke da ciki a gaba, wanda ke da ƙafa biyu, wanda ya yi kama da ƙugiya. Takan tsayar da Kulu ta ce, "Wanga fa, mi sunanshi?" Kulu ta ɗauka jarrabawa ce. In gida ya yi shiru da hantsi, Dudu kan ɗauko tsohon littafin rubutun Barakatu da ke cikin jakar da ke rataye a ƙusa, ta daɗe tana duban sunan da aka rubuta a bangonsa, ta mayar yadda ta same shi.

Aka yi jarrabawa a watan sha ɗaya. Wasu malamai biyu suka zo daga Yelwa da takardu a cikin jakar fata, suka yini, suka tafi da su. Sati uku ba labari. Barakatu ta daina cin abinci sosai. Dudu ta ƙone kifi rabin banda, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana amarya, ta ce itacen ne ɗanye.

Ranar wata Laraba da safe, tana ɗauke da kwandon kifi za ta bakin ruwa ta shiga jirgin kasuwa, ta hangi keken Malam Lawali jingine a makaranta, da wata farar takarda manne a ƙofar aji. Jiya da yamma ya dawo daga Yelwa, yana jiran a buga ƙarfe yara su taru ya karanta musu. Ba kowa a filin. Dudu ta sauke kwandon a ƙasa, ta goge hannunta a zane sau biyu, ta matsa.

Sunaye ne jere daga sama zuwa ƙasa, goma sha biyar. Ta san ashirin da uku suka zauna, ke nan takwas sun tsaya, kuma ta san uwar kowannensu. Ta ɗora yatsa a kan na farko kamar yadda Kulu ke yi. Yawancinsu ba ta iya fitar da su ba, ta dai bi su a hankali tana neman fuskar da ta sani. A na shida ta ga gajeren suna, baƙin nan mai ƙafa biyu a gabansa.

"Kulu!" ta ce, har tsuntsaye suka tashi daga rufin. "Kulu ta ci! Ja'ira, ta ci!"

Malam Lawali ya leƙo ta taga da kofin shayi a hannu. Dudu ba ta ko dube shi ba, yatsanta ya ci gaba da sauka. Na bakwai, na takwas, na tara. Na goma ba shi ba ne. A na sha ɗaya yatsan ya tsaya. Ta bi shi daga farko zuwa ƙarshe, gaɓa huɗu, leɓɓanta na motsi ba sauti. Ta sake bi.

"Inna, in karanta miki?" in ji Malam Lawali a hankali.

"Bari, Malam. Na gani."

Ta manta da kwandon, sai da ya biyo ta da shi a bayan keke. Jirgin kasuwa ya tafi ba ita. Da ta shiga gida Barakatu na shara a tsakar gida, ta ɗago a tsorace don ba a saba ganin uwar ta dawo da wannan lokaci ba. Dudu ta wuce ta, ta tsaya a tsakiyar gidan tana kallon katanga, ta yi magana kamar da iska take.

"A hiddo akwatin ƙarhe na ɗakina a wanke a shanya. Akwai mai tahiya Yelwa."

Tsintsiya ta faɗi. Yarinyar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tambayi uwarta kai tsaye.

"Inna, Malam ya hwaɗa miki?"

Dudu ba ta juyo ba. Hawaye na zuba, ba ta kuwa ce hayaƙi ne ba, don ba a hura wuta ba ranar.

"Ba wanda ya hwaɗa min," ta ce. "Ni na karanta."